Shirun Issufu a Kotun Guangzhou

Kwanakin baya ɗan ƙanena ya kawo min abokansa uku su gaishe ni. Dukansu sun yi shekara biyu ko uku a ƙasar Sin, sun dawo da Sinanci a baki, suna so su kama aikin tafinta. Ɗaya daga cikinsu, mai yawan fara'a, ya ce, "Baba, ai aikinku ba wuya. Wancan ya faɗa ka juya, wannan ya faɗa ka juya, a sallame ka ka tafi gida." Na ce masa haka ne, in dai a kan farashin takalmi ake magana. Saboda su da ire-irensu na zauna na rubuta wannan. Sunayen mutanen da ke ciki na canza su.

A Fagge aka haife ni. Larabci a Khartoum na gyara shi, Faransanci na tsince shi a Yamai da Kwatano. Sinanci kuwa, karatun injiniya aka tura mu Beijing, na dawo da yaren na baro injiniyancin a can. Amma aikin kansa a Jidda na koye shi, wajen wani tsoho Bakatsine, Malam Inuwa, wanda ya daɗe yana tsayawa tsakanin alhazanmu da alƙalan Larabawa. Wata uku na farko bai bar ni na buɗe baki a kotu ba. In mun fito sai ya ce in maimaita masa abin da kowa ya faɗa, in na ƙara kalma ɗaya don maganar ta yi daɗi sai ya tsayar da ni a tsakiyar titi ya ce, "Wa ya aike ka?" Abu uku ya dasa min. Kada ka gyara wa mutum magana, in wauta ya yi ka kai wautarsa yadda take. In ƙarya ya yi, ba kai ne alƙali ba. In kuma ya yi shiru, kai ma ka yi shiru, kada ka ce ka san abin da ke ransa.

Kayan aikina ba su da yawa. Ƙaramin littafi mai waya a ka, biro biyu don ɗaya kan mutu a lokacin da bai kamata ba, ƙamus ɗin dokoki wanda bangonsa ya rabu da shi tun a Beijing, kwalbar shayi irin wadda kowane Basine ke yawo da ita, da feja a ƙugu, wato 'yar na'urar nan da ke ƙara ta nuna maka lambar mai nemanka ka je ka nemi waya. Sunaye da lambobi kawai nake rubutawa, kuma da ajami, domin ya fi sauri a hannuna, ba kuma mai leƙowa ya karanta.

A ƙarshen shekarun 1990 Hausawa ba su da yawa a Guangzhou. Ranar Juma'a in mun taru a tsohon masallaci, da ƙyar mu cika sahu ɗaya. Yawanci 'yan Kano ne da suka saba zuwa Bangkok suka fara karkatowa, sai 'yan Maraɗi da Yamai ɗaiɗai. Aikina na kullum shi ne in bi su lungunan Liwan, mu kutsa Shisanhang inda tufafi suke jibge har rufi, ko mu ɗauki mota mu tafi Shiling wajen masu jakunkuna. Kafin mako biyu baƙo ya iya "lawban", wato maigida, ya iya "mai-yo", wato babu, sai ya fara ganin kuɗin da yake ba ni asara ne. Wannan aikin kam duk wanda ya ce mai sauƙi ne ba zan yi musu da shi ba.

Na kotu daban ne. Da yake ba wani mai Hausa da Sinanci a garin, in an kama ɗan'uwanmu ni ake nema. Wata safiya feja ta yi ƙara, na kira, sai ga muryar tsoho Chen, magatakardan kotu, mutumin da ya kusa ritaya, yatsunsa duk sun rine da taba da jan tawada. "Lao Ha," in ji shi, haka yake kira na, wato tsoho Ha, guntun sunana a bakin Sinawa, "zo ka ɗauki takardar tuhuma. Mutanenka biyu ne, kuma babba ce."

Babba ce kuwa. A wani siton kago, inda ake tara kayan da za a aika ƙasashen waje, an buɗe kwalayen jakunkunan mata da za a tura Afirka ta Yamma, aka sami farar hodar iblis ɗinke a cikin shafin jakunkunan. Nauyinta ya wuce inda dokar ƙasar ke yanke hukuncin kisa, ya wuce nesa. An kama mutum biyu. Alhaji Garba, dattijo ɗan Kano mai shekara sittin da wani abu, da Issufu, mutumin Maraɗi, ɗan shekara arba'in. Sunan Issufu ne a jikin kwalayen, hannunsa ne a takardar kago. A ofishin 'yan sanda da guntun Turanci aka yi musu tambayoyi, aka rubuta cewa abokan kasuwanci ne. Takardar tuhumar sau biyu na rubuta ta, ta Issufu da boko, ta Alhaji da ajami, domin shi bai yi boko ba.

Ranar zaman farko ina tsaye a baranda aka sauko da su daga mota. Issufu aka fara shigowa da shi, aka tsayar da shi jikin bango. Da aka zo wucewa da Alhaji, sai na ga Issufu ya zame silifas ɗinsa, ya durƙusa da ankwa a hannu, kansa a ƙasa. Masu gadi suka zaci suma ya yi, suka fizgo shi sama, ɗaya yana neman ruwa. Alhaji kuwa ya kawar da kai ya wuce kamar bai ga kowa ba. Nan take na san fayil ɗin ya yi kuskure. Abokin kasuwanci ba ya cire takalmi don abokinsa. Wannan gaisuwar mijin 'ya ce ga uban matarsa.

Tsarin kotun can, alƙalai uku ne a sama, mai gabatar da ƙara a hagu, lauyoyi a dama, ni a gefen wanda ake tuhuma. Ana shigo da waɗanda ake tuhuma ɗaya bayan ɗaya a yi musu tambayoyi, sannan a haɗa su fuska da fuska a karanta wa kowa abin da ɗan'uwansa ya faɗa. Na bayyana musu wannan tun farko, kamar yadda doka ta ce.

Shugaban alƙalan ya tambayi Issufu, "Sunanka ne a jikin kwalayen?"

"Sunana ne, ranka ya daɗe."

"Hannunka ne a takardar?"

"Hannuna ne."

"Kayan na wane ne?"

"Kayan gidanmu ne."

"Wa ya sa hodar a ciki?"

Issufu ya yi shiru. Alƙali ya maimaita, na maimaita. Shiru. Ni ma na yi shiru, kamar yadda aka koya min, ina jin biron tsoho Chen yana rubuta cewa wanda ake tuhuma ya ƙi amsawa.

Alhaji da aka shigo da shi bai wuce magana ɗaya ba: shi tsoho ne, bai san boko ba, Allah ya san gaskiya. Da aka haɗa su, alƙali ya ce wa Issufu ya dubi mutumin nan ya faɗa ko shi ya ba shi kayan. Issufu ya juya kafaɗa, ya zuba wa siminti ido. Mai gabatar da ƙara ya tashi ya ce abin a fili yake: ga mai suna a kwali, ga mai sa hannu, ga shi ya kasa haɗa ido da tsohon da ya jawo wa bala'i. Ya nemi hukuncin kisa a kan Issufu. Wannan ma ni na juya masa shi da Hausa, kalma bayan kalma, ban rage ba.

Lauyar da kotu ta ba Issufu, Madam Lin, mace ce 'yar gajera mai saurin magana. Na same ta a baranda tana tattara takardu. Na ce, "Madam, ba zan faɗa miki abin da ke ransa ba, don ban sani ba. Amma akwai abin da duk Bahaushe ya gani yau, ku ba ku gani ba. Tsohon nan uban matarsa ne."

"To sai me?"

"A wurinmu mutum ba ya kiran sunan uban matarsa. Ba ya cin abinci a gabansa. Balle ya nuna shi da yatsa a gaban alƙali."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Mu ma muna da surukai, Malam Ha. Ba ma mutuwa dominsu."

"Wannan zai mutu."

"Ko da harbe shi za a yi?"

"Ko da harbe shi za a yi."

Daga wurinta kai tsaye na wuce ofishin tsoho Chen na gaya masa abin da na gaya mata, na ce a rubuta. Ku riƙe wannan, ku masu son shiga aikin. In dole ta sa tafinta ya faɗi abin da ba a ba shi ya fassara ba, to ya faɗe shi a inda kowane ɓangare zai sani. Ranar da ka fara raɗa da ɓangare ɗaya, ka daina zama tafinta.

Bayan kwana uku muka je gidan tsare mutane, ni da Madam Lin. Ta tambayi Issufu ko gaskiya ne dattijon uban matarsa ne. Ya ce haka ne, 'ya'yansu huɗu. Ta ce me ya sa sunansa yake jikin kwalayen. Ya yi mamakin tambayar. Ai duk kayan da suka taɓa aikawa shi ke sa hannu, tun da Baba bai iya rubutun nasara ba. Ta ce ya buɗe kwalayen kafin ya sa hannu? Ya dube ni, ba ita ba, ya ce, "Malam, wa ke buɗe kayan surukinsa?" Na juya mata tambayar yadda ya yi ta.

Ta ce to ya faɗi haka a kotu.

"In na hwaɗi, za a karanta ina tsaye, shi ma yana tsaye?"

"Haka tsarin yake."

"To ki yi haƙuri, ba ni da magana."

"Ka san hukuncin da ake nema a kanka?"

"Na sani. In na fita ta wannan hanya, da wane ido zan dubi ɗiyarsa?"

Madam Lin ta ajiye biro. Sannan ta ce, "In aka raba shari'ar fa? Kai naka zaman, shi nasa. Abin da ka faɗa za a karanta masa, wannan ba makawa, amma ba kana wurin ba."

Issufu ya ɗago kai. Can ya ce, "A gaya masa cewa na ce, daban ne da ya ji da kunnensa daga bakina. In ba ya wurin, mutum na iya hwaɗin inda ya wuni ranar Talata."

Da takardar neman raba shari'ar ta iso teburin tsoho Chen, ina wurin. Ya karanta, ya kunna taba, ya ce, "Lao Ha, ka san abin da kuka roƙa kuwa?" Bai jira amsa ba, ya shiga lissafo min da yatsu. Sabon fayil da sabuwar lamba. Kowane shafi na tsohon a kwafe shi, a buga masa hatimi. Motar gidan tsare ta zo sau biyu, kowane zuwa da masu gadinta da direbanta da manta. Alƙalai uku su zauna sau biyu a kan kwali ɗaya, mai gabatar da ƙara ya shirya sau biyu, mai gwajin hoda ya sake rubuta rahoto. A sake aika takarda Beijing ga ofisoshin jakadanci biyu, tun da ƙasashensu biyu ne. In an yanke hukunci kowa ya ɗaukaka ƙara shi kaɗai, kotun sama ta karanta labari ɗaya sau biyu. Duk watannin nan kuma mutum biyu suna cin shinkafar gwamnati. "Kai ma," in ji shi, "sau biyu za a biya ka. Kai kaɗai ne ka ci riba."

Na ce, "Sai mai sayar maka da taba."

Bai yi dariya ba. Ya ja ni bakin taga ya nuna min wata tsohuwa zaune a benci a baranda, da ƙunshin takardu a leda a kan cinyarta. Ɗanta aka kashe a wani faɗa a kasuwar kifi. Daga ƙauye take zuwa, mota biyu take hawa. "Ɗakin shari'a ɗaya ne, alƙalan su ne dai ukun nan. In aka ba mutanenka safiya ta biyu, safiyarta aka ba su. Kuɗin takarda gwamnati za ta biya, ita kuma gwamnati daga aljihun irin wannan matar take ɗauka. Amma jiran, ita kaɗai za ta biya shi. Je ka fassara mata al'adarku."

Har yau ban ce ya yi kuskure ba. Na tsaya a kotunan ƙasashe biyar, na ga inda raba shari'a ta yi ɓarna. A wata ƙasa ta yammacin Afirka na ga an raba mutum biyu, aka gama da na farko, kafin a zo kan na biyu shekaru sun wuce, babban mai shaida ya rasu, wanda kowa ya san shi ne uban tafiyar ya fita yana gyara hula. A wani wurin kuma na ga kowanne ya ɗora wa wanda ba ya nan, kotuna biyu suka gaskata labarai biyu da ba za su taɓa haɗuwa ba. A Jidda kuwa alƙali ɗaya kan tara kowa a gabansa ya gama kafin azahar, wani lokaci ya dace, wani lokaci saurin ya yi yawa. Haɗa shari'a yana da dalili: shaida ɗaya, kunne ɗaya, hukunci ɗaya, kuma dukiyar jama'a ba ta da yawan da za a yi ta zubarwa. Sai dai an gina shi a kan zaton cewa in ka haɗa mutum biyu da ke tsoron mutuwa, kowanne zai yi ƙoƙarin ceton kansa, gaskiya ta fito daga tsakaninsu. Waɗannan biyun kuwa haɗa su ne ya rufe bakinsu.

Shugaban alƙalan ya kira ni ofishinsa, a gaban mai gabatar da ƙara da lauyoyin biyu, ya ce in bayyana wannan al'ada. Na bayyana, aka rubuta, na sa hannu na dangwala yatsa da jan tawada. Ya tambaye ni ko ina ganin Issufu ba shi da laifi. Na ce wannan ban sani ba, abin da na sani shi ne ba za a ji daga bakinsa ba muddin tsohon na ɗakin. A cikin makon kuma ciwon sukarin Alhaji ya tashi aka kwantar da shi asibiti. Kotu ta ba da umarnin a ci gaba da shari'ar Issufu shi kaɗai. Ko bayanina ne ya yi aiki, ko ciwon sukari ne ya ba su ƙofar da doka ta sani, ba wanda ya gaya min.

Zaman Issufu shi ne aiki mafi tsawo da na taɓa yi a tsaye. Mutumin da bai haɗa jimla biyar ba a zaman farko ya yi awa biyu yana magana, biro ɗaya ya mutu a hannuna na ɗauko na biyu. Ya ce jakunkunan tare suka saya a Shiling. Ranar Talata kafin a kai kaya sito, Baba ya ce shafin wasu bai ɗinku da kyau ba, zai mayar a gyara, shi kuma ya je Shisanhang ya ƙarasa sayen kayan yara. Ya wuni a can, rasit ɗin suna cikin jakarsa da 'yan sanda suka riƙe. Da ya dawo masauki ya tarar an naɗe kwalayen da salatif. Ya rubuta sunansa, kamar kullum. Duk tsawon awa biyun bai ambaci sunan Alhaji ba ko sau ɗaya. Alƙali ya ce, "Wane ne Baba? Faɗi sunansa." Ya ce, "Wanda aka kawo mu tare, ranka ya daɗe." Da haka aka rubuta.

Maganar ta jawo wani sabon kashe kuɗin. Aka ɗage zama, aka tura 'yan sanda Shiling da hotuna, suka bi ƙananan shagunan ɗinki ɗaya bayan ɗaya har suka sami wata mata da ta ce tsohon nan mai hula ya yi hayar kekenta na yini guda, shi da wani mutum da har yau ba a gano ba. Aka tono rasit ɗin, aka je Shisanhang aka tambayi masu shagunan. Wata biyu aka yi a kan haka. Sau biyu ina wucewa ta gaban tsohuwar nan a bencinta.

Sannan aka zo zaman Alhaji Garba. Ya rame, sai da aka ba shi kujera. Mai gabatar da ƙara ya karanta bayanin Issufu daga farko har ƙarshe, ina juyawa. Alhaji bai motsa ba. Da aka gama ya ɗago ya dubi ƙofar da ake shigo da fursunoni, ya ce, "Malam Tafinta, yana nan?"

Na juya wa alƙali tambayar, domin tafinta ba ya amsa komai da kansa. Alƙali ya ce a gaya masa ba ya nan.

"Ya kama sunana?"

Alƙali ya duba takarda ya ce bai ambata ba.

Alhaji ya gyaɗa kai. "Ɗan mutunci ne. To gaya musu duk abin da ya faɗa haka aka yi. Wani ya ba ni, ya yi min alkawari, na karɓa ina sane. Yaron bai ga komai ba, ni na aike shi kasuwa don kada ya gani."

Alƙali ya ce me ya hana shi faɗin haka tun zaman farko, alhali shi kaɗai aka yi wa tambayoyi.

"Ai na san za a haɗa mu, ranka ya daɗe. Na so rai kuma, ba zan ɓoye ba. Amma ko ban so ba, mutum ba ya tsayawa a gaban mijin 'yarsa ya ce ga abin da na zama."

Wannan ban hango shi ba. Ni da na bayyana wa kotu al'adar, rabinta kawai na bayyana. Na tuna kunyar ƙarami, na manta ta babba.

Kotu ba ta wanke Issufu duka ba. Ta ce mutumin da ya sa hannu a kan kaya ya kamata ya san abin da ke ciki, aka ba shi shekara goma sha biyar, daga baya aka rage. Ko ya yi zargin wani abu ya kawar da kai, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Alhaji Garba aka yanke wa hukuncin kisa, aka ɗaukaka ƙara, kotun sama ta tabbatar. Ranar da aka tambaye shi wasiyyarsa ni na tsaya. Ya ce, "A gaya wa Malam Issufu na yafe masa." Sai ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, goge wannan. Ba ni ne mai yafewa ba. A ce masa ina roƙo." Na juya duka biyun, da wadda ya ce a goge da wadda ya ce a bari, kuma duka biyun aka rubuta.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a aikina. Labari ya isa Kano kafin ni in san ya tafi: wai tafinta ya haɗa baki da kotu, ya sa yaro ya tona asirin surukinsa, aka kashe dattijo. Feja ta daina ƙara. A masallaci mutum ya ba ni hannu yana kallon wani wajen. Wani Alhaji da na yi shekara uku ina bi da shi kasuwa ya gwammace ya yi ciniki da yatsu da kalkuleta, aka ɗora masa takalma ƙafar hagu zalla kwali biyu, bai dai kira ni ba. Na koma fassara takardun injin niƙa ga wani Balarabe. Sai da yayan Issufu ya zo daga Maraɗi, ya kama hannuna a ƙofar masallaci a gaban kowa, ya ce, "Malam, gobe kai za ka kai ni Shisanhang," sannan aiki ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Wasu har suka bar zuwa Sin ba su sake yi min magana ba.

A cikin shekarar nan ne na je kotu sa hannu a takardar ƙarshe. Na tambayi tsoho Chen labarin tsohuwar benci. Ya ce an yi shari'arta, bayan wata huɗu da ranar da aka fara sa mata. Yana maganar yana ɗaure fayil biyu da farin zare, kowanne kaurinsa ya kai tubali. Ya ɗora ɗaya a kowane tafi kamar mai awo.

"Da can fayil ɗaya ne," in ji shi. "Duk wannan takardar, masu sayar da kifi da masu tuƙa keke ne suka saye ta, ba su kuma san sunan ko ɗaya daga cikin mutanenka ba."

Na ce, "To asara aka yi?"

"Ni magatakarda ne, Lao Ha. Ba a tambayata."

Ya tashi ya shiga ɗakin ajiya, na bi shi da ido. Kanta biyu ne a ciki. Ta hagu ta fayilolin da aka rufe ke nan har abada. Ta dama ta waɗanda ake dawowa a buɗe bayan 'yan shekaru, in gidan yari ya rubuto cewa mutum ya kyautata hali a rage masa. Ya sa na Alhaji a hagu. Na Issufu ya hura masa ƙura, ya gyara masa zare, ya taka kujera ya sa shi a dama.